Ɓera Mai Ɗan Kunne

Ranar Talata ce, kuma tun asuba ake yayyafi, irin wanda ba ka ɗauke shi a bakin komai ba sai ka isa inda za ka, ka ji riga ta manne maka a baya. Layin 'yan hatsi duk ya zama caɓi. Mai Sito, wanda ya gaji ɗakin ajiya na uku daga bakin layin a wurin mahaifinsa, yana duƙe yana kore ruwa daga ƙofa da tsintsiya, sai ga wata farar mota mai buɗaɗɗen baya ta zo ta tsaya a gabansa, ta fantsama masa taɓo a wando.

Mace ce ta sauko. Gajera, ta manyanta, da takalmin roba har gwiwa da tabarau mai kauri. Shugaban kasuwa na biye da ita yana riƙe mata lema, shi kuwa ruwa na dukansa a ƙeya. Abin da ya fara tsaya wa Mai Sito a rai ke nan. Shekara da shekaru ya san shugaban nan, ko gyatumarsa bai taɓa ganin ya riƙe wa lema ba.

"Mai Sito, ga Dakta daga jami'a. Cututtukan namun daji take bincike a kai. Za ta ɗan ɗana tarko a sitonka."

"Namun daji kuma, ranka ya daɗe? Ni nan ban ajiye kura ba."

"Ɓera nake nema," in ji matar. Muryarta ƙasa-ƙasa, irin ta wadda ta saba ba sai ta ɗaga ba ake jin ta.

"To ai kin zo gidansu. Ki kwashe har da kakanninsu, Allah ya ba ki lada."

Ko murmushi ba ta yi ba. Direbanta ya sauke wasu ƙananan akwatunan ƙarfe masu ƙofa, ta riƙa shafa niƙaƙƙiyar gyaɗa a cikin kowanne tana turawa bayan buhuna, da ƙarƙashin katakon da ake jera kaya a kai, da gefen ramin kusurwa wanda Mai Sito ya toshe da siminti har ya gaji. Tana yi tana tambaya. Wa ke shara? Dogo, ɗan dakon da ke kwana a rumfar ƙofa. A bushe yake sharewa ko yana yayyafa ruwa? Haba Dakta, wa zai yayyafa ruwa a ɗakin hatsi? Sai ta tsaya kan wani buhun masara da aka huda a gindi, ta nuna shi da ƙafa.

"Irin wannan ina kuke kai shi?"

"Zubarwa muke yi."

Ƙarya ce, kuma ko tunani bai yi ba ta fito. A duk layin babu mai zubar da buhu. Wanda ɓera ya huda ba a sayar wa mutane, wannan gaskiya ne, mutunci ba zai bari ba. Ɗinke shi ake yi a kai gida a ci. Haka mahaifinsa ya yi, haka kowa ke yi. Amma ba kowace magana ake faɗa wa mai farar mota ba.

Tana tafiya, Tela ya ƙwala masa kira daga tsallaken layi. Shi ne mai ɗinke musu buhuna, kekensa a baranda, rediyonsa a rataye a ƙusa, kuma babu labarin da ke wucewa ta gabansa bai ƙara masa aljihu ba.

"Abokina, ka san wadda ka buɗe wa ƙofa kuwa?"

"Mai kamun ɓera."

"Mai kamun ɓera! Matar nan kogon jemagu take shiga da ƙafarta. Biri ya mutu a daji, ita ake bugo wa waya. Akwai garin da ta je ta duba naman da maharba ke kawowa, kalma ɗaya ta faɗa aka garƙame mahautarsu, har yau wasu mahautan ba su miƙe ba. Minista in ya gan ta tashi yake tsaye. Kai kuma kana ce mata ta kwashe har da kakanni."

Mai Sito ya waiga ya dubi sitonsa. Duk abin da ya mallaka a duniya yana cikin ɗakin nan, jere har rufi, ga kaka da sauran nisa.

Washegari da hantsi ta dawo. Aka kafa tebur a bayan sito ƙarƙashin tamfol. Ta sa safar hannu biyu-biyu, ta rufe baki da hanci, ta ɗora wani gilashi a fuska, kai ka ce walda za ta yi. Ta nuna wa Mai Sito inda zai tsaya, can nesa. Ta zazzage ɓera ɗaya a jakar leda, ta jefa masa auduga da ta jiƙa da wani ruwa, nan take ya yi laushi. Ta auna shi a ɗan sikeli, ta juya cikinsa.

"Wannan ba irin na gida ba ne. Na daji ne, damina ke koro shi cikin gari. Macensu nonuwanta sun fi na kowane ɓera yawa."

"Allah ya raya mata," in ji Mai Sito.

Ta kawo allura ta yi abin da za ta yi. Sannan ta ɗauko wani abu kamar filaya ta matsa a kunnen ɓeran, sai ga ɗan ƙarfe mai lamba yana walƙiya. Ta mayar da shi akwati. Da ya farfaɗo, ta ɗauki akwatin ta shiga sito, ta durƙusa daidai inda aka kama shi, ta buɗe ƙofar. Ɓera ya yi wuf ya shige tsakanin buhuna.

"Dakta! Ya kuɓuce!"

"Ni na sake shi."

Mai Sito ya ɗauka bai ji daidai ba.

"Kika sake shi. A sitona. Cikin hatsina."

"Nan na same shi."

"Yo ai ɓarawo ma a gida ake samun sa, ban taɓa jin an ɗaura masa ɗan kunne an ce koma ciki ba!"

"Saurara, malam. Mataccen ɓera ba ya gaya mini komai sai abin da ke jininsa. Wannan kuwa in na sake kama shi a sito na goma, ko a gidan wani, na san iya inda suke kaiwa, na san hanyar da cuta za ta bi tun kafin ta bi. In ka kashe waɗannan duka yau, kafin mako wasu sun shigo daga waje sun gaje ramin."

"Wace cuta?"

"Ban ce akwai ba. Dubawa nake."

Haka ta yi ta saki, ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye yana haɗiyar baƙin ciki.

Kafin la'asar Tela ya raɗa mata suna, Uwar Ɓeraye, kuma sunan ya bi layi daga kai har gindi. "An ce an yi wa naka hujin kunne," in ji shi a gaban jama'a. "Saura sarƙa da jan baki, sai mu zo kallo." Aka kwashe da dariya. Amma da mutane suka watse, ya rage muryar rediyo, ya yafito Mai Sito.

"Ban da wasa. Allurar nan da ta soka masa, cirewa ta yi ko zubawa?"

"Jini ta ɗiba."

"Ka gani da idonka?"

Mai Sito bai gani ba. Daga inda ta tsayar da shi, bayan hannunta kawai ya gani. Kuma ma don me ta tsayar da shi can?

"Ita ta rufe jikinta ruf," in ji Tela, "kai ko ƙyalle ba ta ba ka ba. Mutanen nan in ba su samo cuta ba, da me za su koma? Wa zai sake kiran su a rediyo? Ni dai tela ne, ban san komai ba."

Bayan kwana biyu Tela ya ɗinke hujajjen buhun nan, Dogo ya ɗora shi a baro, ya tura har gidan Mai Sito, can bayan titin kwalta da babbar kwata, ya jingine shi a kicin kusa da murhu. Gidan ɗaki biyu ne da tsakar gida mai kaji, da kicin mai ƙofar kwano da ba ta taɓa rufuwa daidai ba. Matarsa, Maman 'yan biyu, doguwa mai saurin dariya, cikinta ya fara fitowa, tun ranar da ya ba ta labari take tsokanarsa.

"Baban 'yan biyu, yaya amaren naka? Sun fi ni gata wallahi. Shekara nawa nake roƙon ɗan kunne a gidan nan."

"Ke komai wasa ne a wurinki."

"To mace mai tabarau ta baro ofis mai sanyi ta zo tana durƙuso a taɓo, ka ce ba ta san abin da take yi ba?"

"Ai shi ne abin tsoron. Ita ta sani, ni ban sani ba."

Kwanaki suka shuɗe. Dakta ta kan zo, ta duba tarkunanta a sitonsa da wasu, ta tafi. Sai aka wayi gari Dogo, wanda ke ɗaukar buhu a ka yana waƙa, ya kasa tashi daga tabarma. Jikinsa rau da zafi, yana kukan maƙogwaro. Wansa ya zo ya kai shi asibiti. Ba wanda ya damu sosai, zazzabi a damina ai ba baƙo ba ne.

Amma ranar da Dakta ta sake zuwa, Mai Sito ya lura da abubuwa. Ta kwashe tarkunan sauran situna ta tattaro su duka a nasa. Duk ɓeran da ta ciro, kunnensa take fara dubawa, ta karanta lambar, ta ɗan yi tsaki a ciki. Kuma yanzu ba ta saki. Direbanta, wanda da ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa, ya zo yana tambayarsa wai a wace unguwa yake zaune, yara nawa gare shi.

"Dakta, wani kike nema a cikinsu?"

"Ina jiran tabbaci."

"Tabbacin me?"

"In na samu zan gaya maka. Kafin nan, kada a sake shara a bushe. Kada a sa guba. Duk wanda ya ga ɓera mai ƙarfe a kunne, ko a ina ne, kada ya taɓa shi, a kira ni." Ta tsaya, ta dube shi ta saman tabarau. "Buhunan da suka huje, ka ce zubarwa kuke yi?"

"Na faɗa miki."

"A ina?"

"A kwata. Ruwa ya tafi da su."

Ta daɗe tana kallonsa. Shi ma ya kafe ta da ido, har ta juya.

Da ta tafi, shugaban kasuwa ya ja shi gefe, yana waige-waige. Ya ce shi ma ba a gaya masa komai ba, amma ya ji ƙishin-ƙishin cewa in aka tabbatar da wani abu a sito, rufe shi za a yi, hatsin kuma a cinna masa wuta. Ya ce Mai Sito ya iya bakinsa. Mai Sito ya koma ya zauna kan buhu. Wato an zaɓi sitonsa ne tun farko? Cikin situna fiye da ashirin, don me motar ta tsaya a ƙofarsa? Wa ya nuna? Ya fara lissafa waɗanda suka taɓa nuna sha'awar ɗakin nan, har shi shugaban bai fita ba.

Washegari ya koma gida cin abincin rana, Maman 'yan biyu ta tare shi tun daga zaure tana riƙe ciki don dariya.

"Amaryarka ta biyo ka gida."

Ta ja shi kicin, ta ɗaga wani tsohon kwano da ta kife a ƙasa. Ɓera ne a mace, kansa a fashe, ƙarfe na walƙiya a kunnensa.

"Daga bayan buhu ya fito ina ɗibar masara. Na maka masa muciya, ɗaya tak. Na ce bari in ajiye maka ka yi ta'aziyya."

"Da me kika ɗauke shi?"

"Da hannu mana, ta wutsiya. Na goge jinin da tsumma. Me ya faru? Ka ga fuskarka kuwa?"

Ya ƙura wa ƙarfen ido. Ɓera daga sito har nan? Ya tsallake titin kwalta, ya haye babbar kwata da ruwa ke gudu a ciki, ya wuce gidaje sun fi ɗari, ya zaɓi kicin ɗinsa? Ba da ƙafarsa ya zo ba, kawo shi aka yi. Nan take ya tuna direban nan da tambayarsa ta unguwa. Buhun masara yana jingine a gabansa, ɗinkin Tela na kallonsa, wani sashe na zuciyarsa ya so ya yi magana, ya danne shi. Direban ya fi sauƙin zargi.

Ya ɗauko filaya ya cire ƙarfen, ya jefa a kwalin ashana, ya cusa a aljihu. Gawar ya naɗe a leda ya wurga kwata.

"Ba ka ce Dakta ta ce a kira ta ba?"

"In na kira ta, sito ya tafi. Abin da suke jira ke nan. Su ce ga shi har gida ya kai, a ƙona. Sai mu ci me, ke da yaran nan da na cikin?"

"Baban 'yan biyu, ni fa ban ga..."

"Kada ki gaya wa kowa. Ko yayarki."

Ta ɗauki kwanon ta koma kan murhu.

A ranar ya sayo guba a wurin mai tallar magungunan ƙwari, ya cuɗa da garin masara, ya zuba a kicin, ya zuba a lungunan sito bayan an tashi kasuwa. In babu ɓera, babu shaida. Ba a jima ba sito ya fara wari. A gida kuma kaji suka shiga kicin ta ƙofar da ba ta rufuwa, suka yi ta faɗuwa ɗaya-ɗaya. Kyanwar 'yan biyu ta ci wani ɓera da ya fito yana tangaɗi, aka tsince ta a bayan randa. Yara suka yi ta kuka. Uwarsu ta share, ta kwashe.

Dakta tana shiga sito ta tsaya cak, ta shaƙi iska.

"Wa ya sa guba?"

"Ɓerayena ne, a sitona suke."

"Na roƙe ka. Yanzu wanda nake nema zai je ya mutu a ramin da ba zan taɓa ganin sa ba."

Kwalin ashana yana aljihunsa, yana jin sa a cinya kamar garwashi. Maimakon ya ciro, sai ya ce, "Dakta, tsakaninki da Allah, allurar da kike musu, cirewa kike ko zubawa?"

Ta cire tabarau, ta murza ido. Ba tare da shi ba sai ta zama wata gajiyayyar mata kawai, irin wadda za ka gani a layin niƙa.

"Cirewa."

To da me za ta ce? Ya bar ta nan tana tsintar gawarwaki da wani dogon ƙarfe.

Labarin rasuwar Dogo ya zo da safe, ana cikin awo. Wansa ya ce ko gawar ba a bar su sun taɓa ba, wasu masu fararen kaya ne suka yi komai. Tela ya tsayar da keke, ya dubi Mai Sito daga tsallake, ya girgiza kai a hankali, wato ka gani ko?

A makon nan Maman 'yan biyu ta kwanta. Ta ce gajiya ce. Mai Sito ya je kemis aka haɗa masa maganin zazzabin sauro, ta shanye, zafi bai sauka ba. Aka canja wani. Maƙogwaro ya kama, ko ruwa da ƙyar take haɗiya, fuskarta ta fara kumbura. Yana zaune bakin gado yana mata fifita yana gaya wa kansa cewa masu ciki sun saba haka. Asibiti kuwa, ai can aka kai Dogo da ransa. Can mutanen Dakta suke.

Da azahar ta buɗe ido, ta kamo gefen rigarsa, daidai aljihun.

"Yana nan?"

"Me?"

"Kada ka mayar da ni yarinya. Tun jiya ban ji motsin ɗan nan ba. Kai mata abinta."

"In ita ce ta..."

"In ita ce ta zuba, ai ita ta san maganinsa. Tashi."

Ya kira yayarta ta zauna da ita daga bakin ƙofa, ya fita.

Ɗakin aikin Dakta yana bayan ofishin likitocin dabbobi, a ƙarshen wata doguwar baranda. Firji uku na gurnani, tarkuna jibge a kusurwa, ko'ina warin maganin wanke ƙasa. Tana zaune tana cin biskit a gurguje da shayin da ya huce. Bai yi sallama ba. Ya ajiye kwalin ashana a tebur.

Ta zazzage shi kan farar takarda, ta sunkuya ta karanta lambar. Biskit ɗin ya faɗi daga hannunta.

"A ina?"

"A kicin ɗina. Matata ta kashe shi. Tana kwance, tana da ciki."

"Tun yaushe?"

Ya faɗa mata. Ta rufe ido.

"Shi kike nema," in ji shi. "Kin san yana da cutar."

"Ranar da na sake shi ban sani ba. Jinin sai an kai shi nesa, amsa ba ta dawowa da wuri."

"Amma ke kika sake shi. Yana hannunki, a sume. Da kin murɗe masa wuya."

"Da na murɗe," in ji ta. Ba ta kare kanta ba, kuma hakan ya fi ba shi haushi.

"Da kika sani fa? Na tambaye ki, kika ce kina jiran tabbaci."

"Da na faɗa a layin nan cewa gwajin farko ya nuna wani abu, kafin gari ya waye kun kwashe buhunan kun raba su gidaje da ƙauyuka don kada a ƙona. Ko ba haka ba?"

Haka ne. Shi da kansa zai fara.

"A buhu ya je gidanka, malam. Na tambaye ka, na sake tambaya."

"Ni ma na tambaye ki, na sake tambaya. Direbanki kuma da ya zo yana neman unguwarmu?"

"Ni na aike shi. Na san ƙarya ka yi mini. Ka ce masa bayan tasha kake, muka wuni muna yawo a bayan tasha."

Ta ɗauki waya. Kira ɗaya ta yi, maganar ba ta fi ta mai sayen gishiri tsawo ba. Kafin su fito baranda, ga shugaban asibiti da kansa ya bugo, mutumin da sai ka yi sati kana zarya ba ka ga ƙeyarsa ba. Kafin su isa gida, motar marasa lafiya ta riga su, da maganin da aka ce a duk garin babu. Mai Sito yana zaune a bayan farar motar yana kallon yadda ƙofofi ke buɗewa da kansu. Ya gode wa Allah, kuma tsoronta ya ƙaru a ransa. Mai iya buɗe wannan duka da kira ɗaya, me ba za ta iya rufewa ba?

Masu fararen kaya suka shiga gidansa, maƙwabta na leƙe ta katanga. Aka fito da Maman 'yan biyu, aka fito da buhun masara a naɗe cikin leda mai kauri, aka feshe kicin. Kullum safiya sai an zo an auna zafin jikinsa da na yara da na yayarta. A kasuwa aka ja jan zare aka rufe layin gaba ɗaya, ba sitonsa kaɗai ba. Hatsin sauran aka duba aka bar musu, nasa aka loda a tifa aka kai bayan gari. Bai je kallo ba, amma hayaƙin ana hango shi daga tagar asibiti, inda yake wuni a tsaye yana kallon matarsa ta gilashi.

Dakta kullum sai ta zo, ta tsaya gefensa, ta tambayi likitoci, ta gaya masa abin da suka ce ba tare da ta sassauta ba. Ranar da cikin ya zube, ita ta faɗa masa. Ranar da zafin ya sauka, ita ta faɗa masa. Yakan ce mata sannu, ta ce yauwa. Bai taɓa iya cewa na gode ba, ita ma ba ta taɓa tsayawa jira ba.

Maman 'yan biyu ta dawo gida a rame, tana tafiya tana dafa bango. A layi kuwa, da aka cire zaren, rabin 'yan hatsi ba sa amsa gaisuwarsa. Wasu na cewa shi ya ɓoye har aka rufe su, wasu na cewa shi ya buɗe mata ƙofa tun farko. Tela yana tare da ɓangarorin biyu. A rediyonsa aka yi ta sako muryar Dakta, ƙasa-ƙasa kamar kullum, tana bayanin abin da aka gano a wani sito a wata kasuwa. An kafa doka a kan maganarta: buhun da ɓera ya huda ba ya zuwa gida, kuma ita ma ta ce daga yanzu ba a sakin ɓeran bincike a ɗakin abinci. Aka ce ƙasashe na neman ta je ta yi musu bayani.

"Ka ji ko?" in ji Tela. "Wani sito. Ko sunanka ba ka samu ba. Ni dai har gobe..."

"Ɗinka buhunka, Tela."

Ya buɗe ƙofar sitonsa. Babu komai sai katako da warin magani. Yana tsaye a tsakiya shugaban kasuwa ya shigo, ya ce daga sama an ce a ji abin da kowa ya rasa, ko za a duba. Ya ce hatsi kawai suke tambaya.

Mai Sito ya ce, "Masara buhu sittin da biyu, da na gida ɗaya. Wake sha tara. Shinkafa takwas. Kaji tara. Kyanwa ɗaya. Dogo. Da cikin wata biyar, namiji."